Me Ya Sa Kwamfuta Ke Mutuwa Ana Tsakiyar Buga Gem?

A Wurogauri, kamar sauran garuruwan ƙasar Gwandu da Kalgo, ba kowane gida ne ke da kwamfuta ba. Inda ake da ita kuwa, galibi guda ɗaya ce tal, kuma kowa na da buƙata a kanta. Da ita yaya ke rubuta aikin jami'a, a cikinta kawu ke ajiye lissafin shago, a kanta masu shirin JAMB ke atisaye, sannan da yamma a taru a buga ƙwallo ko tseren mota. Shi ya sa idan ta fara ɗaukewa ana tsakiyar gem, maganar ta wuce ta wasa. Wanda aka samu a gabanta shi ake ɗora wa laifi, a ƙwace ta a kulle a akwati, kuma mai atisayen jarrabawa ya rasa abin gwaji.

Mu da muke jami'a, duk sa'ad da muka dawo hutu, wannan ƙorafin muke fara cin karo da shi wajen ƙannenmu na sakandare. Wani ya ce kwamfutar ta tsufa, wani ya ce bairos ne, wani kuma ya ce a yi mata fomatin kawai a huta. Abin da muka fahimta shi ne, gem ba kasafai yake lalata kwamfuta ba. Tona asirin raunin da take da shi yake yi. Rubutu a Word ko kallon fim ba sa wahalar da ita, amma gem yakan sa furosesa da sashen sarrafa hoto da ma'adanar RAM da caja su yi aiki da iyakar ƙarfinsu a lokaci guda. Duk wanda ke da ciwo a cikinsu, a nan zai nuna.

Kafin ku taɓa komai

Abu na farko, ku kwashe muhimman takardu da hotuna zuwa filashi ko waya. Kwamfutar da ke mutuwa ba zato tana iya mutuwa daidai lokacin da take ajiye wani fayil, ta lalata shi. Na biyu, ku nemi izinin mai kwamfutar. Na uku, ku ɗauko littafi da biro. Duk lokacin da ta mutu, ku rubuta ƙarfe nawa ne, wane gem ne, minti nawa aka yi ana bugawa, tana jone da caja ko a'a, wutar layi ce ko ta janareta, kuma a kan me aka ɗora ta.

Wannan shi ne abin da malamin kimiyya yake koya mana a ɗakin gwaje-gwaje: a sauya abu ɗaya, a bar sauran yadda suke, a ga sakamako. Idan kuka share ƙura, kuka sauya caja, kuka goge manhaja duk a rana ɗaya, ko ta warke ba za ku san abin da ya warkar da ita ba, kuma ranar da ciwon ya dawo kun koma farko.

Kowace mutuwa da alamarta

Yadda kwamfuta ta mutu shi ne babban abin da zai nuna muku hanya. Idan ta ɗauke ɗif kamar an zare mata rai, babu saƙo babu gargaɗi, ku fara zargin zafi ko wutar lantarki. Idan allon ya koma shuɗi da rubutu a kansa sannan ta sake tashi da kanta, galibi matsalar manhajar direba ce ko ta RAM. A sababbin nau'o'in Windows 11 an mayar da wannan allo baƙi a 2025, amma ma'anarsa ɗaya ce. Idan gem ɗin ne kaɗai ya rufe, kuka tsinci kanku a fuskar Windows komai na tafiya daidai, to ko dai fayilolin gem ɗin sun lalace, ko kuma ya fi ƙarfin na'urar. Idan kuma hoto ya daskare, sauti ya riƙa maimaita kansa, ku dubi sashen hoto da ma'adanar fayiloli.

Windows na da nata littafin tarihi. Ku danna maɓallin Windows tare da R, ku rubuta perfmon /rel, ku danna Enter. Za ku ga jadawalin kwanaki, da jan tambari a kan duk ranar da wani abu ya lalace, har da sunan manhajar da ta jawo shi. A cikin Event Viewer kuma za ku iya ganin Kernel-Power mai lamba 41. Kada wannan ya ruɗe ku: abin da yake faɗa kawai shi ne kwamfutar ta mutu ba ta hanyar da ta dace ba, amma bai faɗi dalili ba. Idan shuɗin allo ne, ku ɗauki hotonsa da waya kafin ya ɓace, domin kalmomin da ke ƙasa, irin su VIDEO_TDR_FAILURE ko MEMORY_MANAGEMENT, su ne sunan cutar.

Zafi da ƙura: manyan abokan gabarmu

A nan ne yankinmu ya sha bamban da inda aka ƙera waɗannan na'urori. Yawancin kamfanonin laftof suna rubuta digiri 35 a ma'aunin Salshiyas a matsayin iyakar zafin ɗakin da ya kamata a yi aiki da ita. A Jihar Kebbi kuwa, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana kan haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano da azahar kuma ba a magana. Ke nan tun kafin a kunna gem, iskar da fankar kwamfuta ke zuƙowa don ta huce ta riga ta wuce ƙa'ida.

Ga yadda abin yake a ciki. Furosesa tana fitar da zafi. Wani siririn bututun tagulla yana kwasar zafin ya kai shi ga wasu ƙananan faifan ƙarfe da ke jere kamar haƙoran matsefi a bakin tagar iska, fanka kuma ta hura shi waje. Ƙurar hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, tana shiga ta taru a bayan waɗannan haƙora har ta zama kamar audugar katifa. Bazara na zuwa ta tarar da hanyar iska a toshe. Furosesar Intel da yawa iyakarsu wajen digiri 100 ce. Da zarar sun kusanci nan sai su rage gudu da kansu, shi ne za ku ga 'yan wasa sun fara tafiyar hawainiya. Idan zafin ya ci gaba da hawa, na'urar ta kashe kanta don kada ta ƙone. Wato wannan mutuwar kariya ce.

Alamomin a fili suke: tana yin minti goma ko ashirin lafiya lau sannan ta mutu, fanka na ihu kamar injin niƙa, gefen kwamfutar ba ya taɓuwa, kuma idan aka sake kunna ta nan take, ta fi saurin mutuwa a karo na biyu. Don ku tabbatar, ku sa ƙaramar manhaja ta kyauta irin HWMonitor ko Core Temp, ku buga gem na minti goma, ku duba lamba mafi girma da ta nuna. Tsakanin digiri 70 zuwa 85 lokacin gem ba abin damuwa ba ne. Idan tana zama a 95 ko sama, kun kama ɓarawon.

Maganin farko ba ya cin ko sisi. Ku ɗauke ta daga kan katifa, matashin kai, darduma ko cinya, domin ta ƙasa take shan iska. Ku ɗora ta a kan tebur ko faifan katako, ku ɗan ɗaga bayanta da murafen kwalba biyu, ku juya fankar ɗaki ta fuskance ta. Ku mayar da gem zuwa safiya ko bayan la'asar sakaliya, a bar tsakar rana. Don fitar da ƙura, ku kashe ta, ku zare caja, ku goge tagar iska da busasshen burushin haƙori, ku hura da ƙaramin famfon roba na hannu.

Akwai abubuwa uku da muke roƙonku kada ku yi. Kada ku kai ta wurin mai faci a hura mata iskar kwamfuresa, domin ƙarfin iskar na iya karya fanka, kuma tana zuwa da danshi. Kada ku sa ta a firji ko ku ɗora mata ƙanƙara, domin raɓa za ta taru a ciki, ruwa da lantarki kuwa ba sa ga maciji. Kada kuma ku shafa man goge baki a madadin man sanyaya furosesa. Shi wannan man toka-toka da ke tsakanin furosesa da bututun tagulla yakan bushe bayan 'yan shekaru, sauya shi kuma yakan rage zafi sosai, amma aikin mai gyara ne. Wanda bai taɓa buɗe laftof ba ya kiyayi neman gira har a rasa ido.

Caja, batiri da janareta

Idan zafi bai kai ko'ina ba amma tana ɗaukewa ɗif, ku juya cajar ku karanta bayanta. Za ku ga lambobi biyu, ɗaya da V ɗaya da A. Ku ninka su kamar yadda aka koya muku a darasin Fiziks: 19.5 sau 2.31 zai ba ku wat 45, 19.5 sau 3.33 zai ba ku wat 65, 19.5 sau 4.62 kuma wat 90. Sai ku duba ƙasan kwamfutar ku ga nawa take buƙata. Laftof ɗin da aka sayo na hannu sau da yawa tana zuwa da cajar da ba tata ba. Cajar wat 45 za ta iya riƙe kwamfutar wat 90 idan rubutu ake yi, amma da gem ya nemi ƙarfi sai ta gaza, batiri ya riƙa cike giɓin har ya ƙare. Idan batirin ya riga ya mutu, babu mai cike giɓin, sai allo ya yi duhu. Cajar jabu ma haka take, lambar da ke jikinta ta fi ƙarfinta. Araha ba ta ado.

Gwajin mai sauƙi ne: ku ari caja mai kyau irin taku daga wani aboki, ku buga gem ɗin nan dai. Don sanin lafiyar batiri, ku buɗe Command Prompt ku rubuta powercfg /batteryreport. Rahoton zai nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da kuma wanda ya rage masa yanzu. Idan kuka ga wurin taɓawa na linzami ya tasa, ko ƙasan kwamfutar ya kumbura, to batiri ne ya kumbura. Ku daina caji nan take, ku sanar da babba, domin irin wannan batiri na iya kamawa da wuta.

Ga masu kwamfutar tebur, wadda ba ta da batiri, ko ƙiftawar wuta ta rabin daƙiƙa ta isa ta kashe ta. Ƙaramin janareta yakan yi sama da ƙasa duk lokacin da aka jona dutsen guga ko firji ya tashi. Idan littafinku ya nuna cewa a kan janareta kawai take mutuwa, to ba kwamfutar ce mai laifi ba. Na'urar UPS ita ce maganin wannan.

Shin gem ɗin bai fi ƙarfinta ba?

Laftof irin HP EliteBook da Dell Latitude da suka cika kasuwanninmu na'urori ne masu ƙwari, amma don aikin ofis aka yi su. Mafi yawansu ba su da katin hoto na musamman. Suna amfani da Intel HD Graphics, wanda ke aron wuri daga RAM. Idan RAM ɗin gigabait 4 ne, Windows ta ɗauki kasonta, sashen hoto ya ɗauki nasa, abin da ya rage wa gem bai taka kara ya karya ba.

Kowane gem na da mafi ƙarancin abin da yake buƙata. GTA V, da ya fito a kwamfuta a 2015, yana neman aƙalla RAM gigabait 4 da katin hoto mai gigabait 1. EA Sports FC 24, magajin FIFA da ya fito a 2023, yana neman aƙalla RAM gigabait 8 da katin hoto irin GTX 1050 Ti. Don ku san abin da taku ke da shi, ku danna Windows da R, ku rubuta dxdiag. Idan ba ta kai ba, babu dabarar da za ta sa jaki ya ɗauki kayan raƙumi. Tsofaffin wasanni irin PES 2017 sun fi dacewa da irin waɗannan na'urori.

Idan kuwa ta kai da ƙyar, ku rage mata kaya. Allo mai girman 1920 sau 1080 yana da ɗigo 2,073,600 da za a zana a kowane hoto, shi kuwa 1280 sau 720 yana da 921,600, ƙasa da rabi ke nan. Ku sauko da shi, ku mayar da inuwa da sauran ƙawa zuwa mafi ƙanƙanta, ku ƙayyade hoto 30 a daƙiƙa. Wannan yana rage zafi da cin wuta a lokaci ɗaya. Ku kuma danna Ctrl da Shift da Esc ku buɗe Task Manager, ku rufe burauza da duk abin da ba ku buƙata.

Direba da fayilolin da suka ɓata

Direba ƙaramar manhaja ce da ke yin tafinta tsakanin Windows da sassan na'ura. Idan sashen hoto ya yi shiru na daƙiƙa 2 bai amsa ba, Windows takan sake tayar da direbansa, shi ne allo ke yin baƙi na ɗan lokaci gem ya rufe. Idan tayarwar ta faskara, sai shuɗin allo. Ku sauko da direban hoto daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, ko na Intel, AMD ko Nvidia, ba daga manhajojin da ke alƙawarin gyara komai da danna ɗaya ba. Fayil ɗin yana da nauyi, don haka ku jira garaɓasar data ta dare.

Sabuntawa ma kan jawo matsala. A ranar 19 ga Yulin 2024, wani fayil ɗin sabuntawa mai kuskure daga kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike da ke Amurka ya jefa kwamfutoci kusan miliyan 8.5 cikin shuɗin allo, jiragen sama suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya cik. Darasin a nan shi ne, idan matsalarku ta fara ne washegarin da aka sa wata sabuwar manhaja ko direba, ku cire ta ku gani, ko ku koma tsohon direban ta Device Manager.

Idan gem ya ƙi tashi yana kukan rashin MSVCP140.dll ko d3dx9_43.dll, abin da yake nema shi ne Visual C++ da DirectX na kamfanin Microsoft. Ku ɗauko su daga shafin kamfanin, kada ku riƙa tsintar fayilolin ɗaya-ɗaya a shafukan da ba ku sani ba. Don gwada RAM, ku rubuta mdsched a akwatin nan na Windows da R, kwamfutar za ta sake tashi ta binciki kanta. Don lafiyar ma'adanar fayiloli kuwa, CrystalDiskInfo za ta nuna muku: shuɗi lafiya, rawaya gargaɗi, ja kuma a kwashe kaya tun da wuri.

Gem ɗin filashi

Mu faɗa wa juna gaskiya, mafi yawan wasannin da ke yawo a tsakaninmu daga filashi zuwa filashi fasassu ne, wato an cire musu makullin biyan kuɗi. Ban da cin haƙƙin masu su, suna zuwa da matsala biyu. Ta farko, fayil ɗin da ya bi ta hannu goma yakan iso da giɓi, sai gem ya riƙa rufewa a wuri ɗaya kullum. Idan kuka lura a mataki ɗaya ko fili ɗaya yake mutuwa, ko da safe ko da rana, to fayil ne ya lalace.

Ta biyu ta fi muni. A Yunin 2021, kamfanin Avast ya bankaɗo wata muguwar manhaja da ya kira Crackonosh, wadda aka ɓoye a cikin fasassun wasanni, har da GTA V da PES 2018. Ta shiga kwamfutoci sama da 222,000 a duniya. Aikinta shi ne ta kashe garkuwar kwamfuta, sannan ta sa furosesa haƙar kuɗin intanet na Monero don amfanin waɗanda suka ƙirƙire ta. Mai kwamfuta na shan zafi da kuɗin man janareta, wani can na kwasar riba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Alamar irin wannan ita ce fanka na ihu alhali ba a buɗe komai ba. Duk gem ɗin da ya ce sai kun kashe Windows Security kafin ya shiga, ku yi tunani sau biyu, musamman a kwamfutar da ke ɗauke da aikin yayanku. Ku kuma sani cewa Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum na Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, don haka masu ita sai sun ƙara taka-tsantsan da abin da suke sakawa.

Idan ta kama a je wurin mai gyara

Wasu abubuwan sun wuce gyaran gida: fankar da ta daina juyawa, batirin da ya kumbura, warin ƙonewa, layuka masu launi a allo, ko mutuwar da ba ta da alaƙa da gem. Tafiya Birnin Kebbi kuɗin mota ne da wuni guda, don haka kada ku je hannu rabbana. Ku tafi da cajar, da littafinku, da hotunan saƙonnin da kuka ɗauka. Akwai bambanci tsakanin wanda ya ce "Malam, tana mutuwa ne kawai," da wanda ya ce "Malam, bayan minti goma sha biyar a kan gem takan kai digiri 98 ta ɗauke, amma a kan rubutu ba ta yi." Na biyun ya rage wa mai gyara aiki, ya kuma rage wa kansa kuɗi. Ku yi ciniki kafin a kwance ko noti ɗaya, ku rubuta girman RAM da na ma'adanarku kafin ku miƙa ta, kuma kada ku yarda da fomatin sai an kwashe fayiloli. Fomatin ba ya fitar da ƙura, ba ya gyara caja.

Tun daga 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB gaba ɗaya. Duk mai burin shiga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke nan Kalgo, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, sai ya bi ta gaban allo da linzami. Kwamfutar nan ɗaya da ke gidanku ita ce filin atisayenku, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ku kula da ita tun yanzu, ku ware wa gem lokacinsa bayan an gama karatu. Ranar da kuka gano da kanku cewa ƙura ce ko caja ce ke kashe ta, kuka kuma iya yi wa mai ita bayani dalla-dalla da hujjar da ke littafinku, zai yi wuya a sake kulle muku ita a akwati.